Saba ta kunnu, fanka na ta ƙara, amma allo baƙi ƙirin: ina zan soka me?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakonku, don yau kwana uku ke nan ina kan abu ɗaya ban ga haske ba.

A wurin aikinmu mu tara ne, kuma ni ake kira idan firinta ta ƙi ko intanet ta tsaya. Wanda yake kula da na'urorinmu a da ya bar aiki, ya bar mana wata saba ta hannu, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ta netwok, irin mai faɗin nan da ake zurawa cikin rak, kantar ƙarfen da ake jera na'urori, kaurinta 2U, wato gurbi biyu na rak ɗin. Shugabanmu ya ce in tashe ta mu riƙa ajiye fayilolin lissafi a kanta, mu huta da yawo da filash daga tebur zuwa tebur. Na ɗauki aikin da muhimmanci ƙwarai, domin sau biyu muna rasa aikin mako guda saboda filash ta lalace, kuma na ga yadda abin ya ƙona wa mai lissafinmu rai.

Bari in faɗa muku abin da idona yake gani, don ban san sunan komai ba. A baya akwai wurin wayar wuta guda biyu. Akwai kafofin netwok huɗu a jere masu lamba 1 zuwa 4, sai wata ta biyar can gefe ita kaɗai, kamarsu ɗaya sak, amma an zana hoton sifana a kusa da ita. Akwai shuɗiyar kafa mai ramuka 15, wadda na san VGA ce. Kusa da ita akwai wata mai kama da ita, sai dai ita tsinkaye ne tara suka fito waje, ba ramuka ba. Sai USB biyu masu shuɗin harshe. Daga sama kuma akwai wani kati da na tabbata ƙara shi aka yi daga baya, yana da HDMI ɗaya da DisplayPort ɗaya. A gaba akwai wata VGA ɗin kuma, da USB biyu masu baƙin harshe, da wata 'yar ƙaramar kafa irin ta cajin tsofaffin wayoyi.

Monitan da nake da shi sabo ne, HDMI da DisplayPort kawai gare shi. Sai na nemo wata 'yar farar adafta, kai ɗaya HDMI ne, ɗayan kuma ramukan VGA. Na soka kan HDMI a jikin monita, na haɗa wayar VGA daga adaftar zuwa bayan saba, na ɗaure kusoshin nan biyu tam. Komai ya shiga daidai, babu inda na tilasta. Na danna maɓallin wuta, fankoki suka tashi da ƙara kamar za ta bar tebur, fitilu suka yi kore, amma monita sai ya nuna babu sigina ya koma barci. Na mayar da wayar kafar gaba, haka. Na cire adaftar na haɗa HDMI kai tsaye da katin nan na sama, nan ma shiru. Na kashe na kunna ya fi sau goma.

Kibod ɗina marar waya ne, na Bluetooth. Ina danna F2 da Delete tun daga lokacin da na kunna, ko da wani abu zai faru, ban ga alamar komai ba.

Tambayoyina su ne: shin sabar ce ta mutu, ko ni ne nake soka abu inda bai dace ba? Wace kafa ce ta gaskiya ta monita a cikin huɗun nan? Mai tsinke taran nan ta mece ce, kuma zan iya haɗa UPS ɗinmu, akwatin batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, da ita, tunda shi ma yana da kafa mai tara a bayansa? Sannan niyyata in ta tashi in rataya mata firinta da faifan waje na USB don ajiyar kwafi. Akwai matsala a hakan? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, daga bayaninka ban ga alamar mutuwa ba. Kuma ka kyauta da ka zayyana bayan na'urar haka, ka rage mana rabin aiki.

Adaftar nan ita ce ta fara tare maka hanya. Ba lalatacciya ba ce, juya ta ka yi. VGA tsohon tsari ne, tun 1987 IBM ta fito da shi, kuma hoton da yake ɗauka igiyar lantarki ce mai hawa da sauka, ja da kore da shuɗi kowanne da tsinkensa. HDMI kuwa lambobi yake aikawa. Ba yare ɗaya suke ji ba, don haka dole a sami ɗan guntun lantarki a tsakani mai fassara, kuma fassarar tasa gefe ɗaya take tafiya. Farar adaftar da ke hannunka an yi ta ne don laftof mai HDMI ta ba tsohon monita ko majigi mai VGA hoto. Tana karɓa ta HDMI, tana fitarwa ta VGA, kuma daga kafar HDMI ɗin kwamfuta take shan wutarta. Kai kuma akasin haka kake so. Shigar kai cikin rami ba ya nufin sun fahimci juna. Wadda kake buƙata ita ce mai karɓar VGA ta fitar da HDMI, kuma za ka gane ta da ɗan jelar USB da ke rataye a jikinta, don VGA ba ta iya ciyar da ita wutar da ta ishe ta.

Amma da ni ne kai, ba zan ma nemi wannan ba tukuna. Ka ari tsohon monita mai VGA, ko da ƙarami ne mai kusurwa huɗu, ka haɗa waya ɗaya tak ba tare da komai a tsakani ba. Lokacin neman matsala, duk abin da ka ƙara a tsakiya wani abin zargi ne ka ƙara wa kanka. Wasu masu juya siginar ma suna daburcewa idan girman hoto yana sauyawa a lokacin tashi, sai su ɗauke na daƙiƙa uku ko huɗu, daidai lokacin da ake nuna maka maɓallin da za ka danna.

VGA ta gaba da ta baya duk guntu ɗaya ne yake ba su hoto. A sabobi da yawa ɗaya ce take aiki a lokaci guda, kuma sau da yawa ta gaba ce take ƙwace hoton idan an soka mata waya. To ka tabbata ɗaya kaɗai ke da waya. An yi ta gaban ne don wanda ya zo da keken gyara ya tsaya gaban rak, kada sai ya zagaya baya cikin wayoyi da iska mai zafi.

Katin sama kuwa ka manta da shi yanzu. A yawancin sabobi, rubutun farko da shafin BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin manhaja ta tashi, ta VGA ɗin cikin gida suke fita, katin da aka ƙara ba ya cewa komai sai manhajar aiki ta tashi ta ɗora masa direba, wato ɗan shirin da ke tafiyar da shi. In faifan babu komai a kai, zai yi ta zama baƙi har abada, alhali lafiyarsa ƙalau. Akwai ranar da abin yake juyewa: idan wanda ya riga ka ya shiga BIOS ya kashe hoton cikin gida, to katin ne zai nuna. Tunda ka gwada katin kai tsaye ba ka ga komai ba, na fi zaton ba haka ba ne. Sai dai ina da tambaya: minti nawa kake jira kafin ka kashe? Saba ba kwamfutar tebur ba ce. Tana gwada ƙwaƙwalwarta sanda bayan sanda, tana tada katin faifai, tana lissafa abin da ke jikinta. Minti uku zuwa biyar ba abin mamaki ba ne, in ƙwaƙwalwar tana da yawa ma ya fi haka. Ka ce ka kashe ka kunna fiye da sau goma, ina tsoron kana katse ta ne tun ba ta gama buɗe ido ba. Ƙarar fankar ma al'ada ce, za ta sauka da kanta in ta gama duba zafin jikinta.

Kibod na Bluetooth ba zai yi maka komai a nan ba. Saba ba ta ma da Bluetooth. Nemo mai waya, mafi sauƙi da za ka samu, marar fitilu masu launi, marar wata kafar USB a jikinsa. Ga gwajin da nake yi shekara da shekaru: bayan ka kunna, ka danna Num Lock. In 'yar fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa yadda kake dannawa, to na'urar tana raye kuma tana jin ka, ko da allo bai nuna komai ba.

Mai tsinke tara kada ka soka mata komai tukuna. Ka fara ganin hoto.

'Yar Linux:

Baba Injiniya ya gama magana a kan monita. Ni abin da ya ja hankalina a bayaninka shi ne kafar nan ta biyar mai hoton sifana, da ka ambata ka wuce. Malam, wannan ita ce kafa mafi daraja a jikin na'urar gaba ɗaya.

A cikin sabarka akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta daban, mai ƙwaƙwalwarta da manhajarta, ana ce mata BMC. Dell suna kiran tasu iDRAC, HPE suna kiran tasu iLO, wasu kuma IPMI kawai suke cewa. Da zarar ka soka wayar wuta take farkawa, ko ba ka taɓa maɓallin kunnawa ba. Ita ce take juya fankoki, take auna zafi, take rubuta duk abin da ya lalace. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: hoton da ke fita ta VGA ɗin nan daga ɓangarenta yake fitowa. Shi ya sa hoton saba ba ya da wani kyau, ba don kallon bidiyo aka yi shi ba, don rubutu da gyara ne. Shi ya sa kuma take iya ɗaukar wannan hoton ta aiko maka ta netwok. Ka haɗa kafar da suwic, akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, ka buɗe burauza a laftof ɗinka, ka rubuta adireshinta, sai ga allon sabar a gabanka tun daga rubutun farko. Kibod da linzamin laftof ɗinka su zama nata. Kana iya kunna ta, ka kashe ta, har ka ɗora mata fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai a fayil ɗaya, ta ɗauka faifan CD ka saka mata, ka girka manhaja kana zaune a wani ɗaki. 'Yar ƙaramar kafar gaban nan mai kama da ta caji, a irin sabobin da na sani, ita ma ƙofa ce zuwa wannan kwamfutar, don ka haɗa laftof kai tsaye. Ba ta caji ba ce.

Ka duba gaban sabar, akwai wani ɗan harshen roba da ake jawowa kamar aljihun tebur. Lambar na'urar tana kai, sau da yawa har da kalmar sirrin masana'anta. Tsofaffi da yawa kalmar sirri ɗaya suke fitowa da ita a duk duniya, kowa ya san ta. Bayan dokar jihar Kalifoniya da ta fara aiki a Janairun 2020 ne ba wa kowace na'ura tata kalmar ya zama ruwan dare.

Gargaɗi biyu, kuma da gaske nake. Na farko, kada ka taɓa buɗe wannan kafa ga intanet. Wanda ya shiga ta nan tamkar yana tsaye gaban na'urar ne da hannunsa a kan maɓalli. Tun 2013 aka bayyana rauni a tsarin IPMI 2.0 da ke ba mai kutse damar karɓo curin kalmar sirri, wato ɓoyayyiyar siffarta, ya je ya fasa a gida, kuma raunin a cikin ƙa'idar kanta yake. Ka sauya kalmar, ka yi ta doguwa, in da hali ka ware mata netwok nata. Na biyu, kada wani ya ba ka shawarar kashe hoton cikin gida don katin sama ya yi aiki. Ranar da ka kashe shi, allon nesan nan ma ya zama baƙi, domin ba ya ganin abin da katin yake nunawa.

Abu ɗaya da zai iya ba ka haushi: wasu kamfanonin sai da lasisi suke buɗe allon nesa, kuma tsofaffin suna neman Java. In an sabunta manhajar BMC ɗin, da yawa suna komawa HTML5, burauza kaɗai ta isa.

Sabon Hannu:

Alhamdu lillahi, na ga hoto! Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta jira ita ce gaskiya. Na samo tsohon monita mai inci 17 a ɗakin ajiyarmu, na share ƙurarsa, na haɗa shi da kafar baya, na ajiye agogo a gabana na hana hannuna taɓa komai. Wajen daƙiƙa arba'in sai ga rubutu ya fito yana cewa tana shirya ƙwaƙwalwa, sai da aka yi kusan minti huɗu kafin ta nuna maɓallan zaɓi. A da ko minti ɗaya ba na bari ta cika.

Sai dai hoton ya fito da wani launi, fari ya koma ruwan hoda mai ɗaukar shunayya, har tambarin ma haka. Na ɗauka monitan ne ya tsufa. Da na kwance wayar na haska kanta da fitilar waya, sai na ga tsinke na biyu a layin sama, ɓangaren da ya fi faɗi, ya kwanta ya jingina da bangon ƙarfen. Ina jin ni na lanƙwasa shi garin cirewa da mayarwa a kwanakin nan. Na tuna Baba ya ce kowane launi da tsinkensa, sai na gane koren ne ya ɓace, ja da shuɗi suka rage. Na ɗauko fensirin nan mai dannawa, na cire bakin gubar, na zura tsinken cikin ɗan bututun bakinsa, na ɗago shi a hankali a hankali har ya miƙe. Zuciyata tana bugawa don kada ya karye. Na mayar, fari ya dawo fari.

Kibod mai waya kuma ya ba ni wani darasin. A kafofin gaba ko fitilar Num Lock ba ta motsi. Na zagaya na soka a baya, nan take ya kama. Da na shiga BIOS na tarar a sashen na'urorin cikin gida an zaɓi cewa kafofin baya kaɗai su yi aiki. Ashe da gangan wanda ya riga ni ya kashe na gaban. Na bar shi haka tukuna sai na ji ra'ayinku.

Yaya 'Yar Linux, na jawo harshen robar, kalmar sirrin da ke kai ba ta shiga ba, an sauya ta. Amma a cikin shafin saitin na ga wurin BMC ɗin, na sa sabuwar kalma, na ba ta adireshi. Yanzu haka ina ganin zafin na'urar da gudun kowace fanka a laftof ɗina. Har ta nuna mini cewa ɗaya daga cikin gidajen wutar biyu ba ya samun wuta, wanda gaskiya ne, waya ɗaya na soka.

Saura maganar UPS da mai tsinke tara, da firinta da faifan waje. Na sami wata waya mai kai tara-tara a cikin kwalin da monitan yake, ta yi daidai da duka biyun. In haɗa?

Mai Gadin Rak:

Kada ka haɗa, ɗan'uwa. Ajiye wayar nan ka karanta wannan tukuna.

Shekarun baya ina aikin dare, aka ce in haɗa UPS da saba don ta riƙa kashe kanta cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa. Na ɗauko wayar siriyal ta yau da kullum daga aljihun tebur, kai tara, ta shiga lafiya lau. Ban ma gama ɗaure kusa ba na ji ɗakin ya yi tsit. UPS ɗin ya ɗauke wuta gaba ɗaya, saba uku suka mutu a lokaci guda, ɗaya tana tsakiyar rubuta bayanai. Sai da gari ya waye muna gyaran ma'ajiyar. Dalili shi ne wasu masu ƙera UPS suna amfani da kai irin na siriyal amma sun sauya aikin tsinkayen, har akwai wanda in ya ji wuta a kansa umarnin kashewa ne. Wayarsu ta musamman ce, yawanci da lamba a jikin robar kan. In ba ka da wadda ta zo da shi, ka duba ko UPS ɗin yana da USB ka yi amfani da ita. A Linux manhajar NUT tana jin yawancinsu.

Ita kafar da ke jikin sabar sunanta siriyal, tsarin RS-232. Rubutu zalla take ɗauka, babu hoto. Amfaninta yana fitowa ne ranar da komai ya ƙi: ka haɗa ta da laftof ta wayar da aka gicciya tsinke na 2 da na 3, wadda ake kira nal-modem, da adaftar USB zuwa siriyal, ka buɗe manhajar PuTTY ko minicom. Dole gudun ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, yawanci 115200 a sabobi, 9600 a suwic da yawa, da bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa 1. In gudun ya saɓa za ka ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, sai ka zaci na'urar ta haukace. Kuma sai ka kunna tura allo zuwa siriyal a BIOS, ka gaya wa Linux ma ya yi magana ta ttyS0, sunan da yake kiran kafar siriyal ta farko. Kai da kake da allon nesa ba ka buƙatarta yau.

Kafofin gaba kuwa, wanda ya kashe su ya san abin da yake yi. Saba da ke ɗakin da mutane ke shiga, kowa yana iya soka filash ko cajin waya. In ɗakin yana kulle, buɗe su. In ba ya kulle, bar su.

Faifan waje a baya za ka sa shi ko da ka buɗe na gaba. Baƙin harshe yawanci USB 2.0 ne: megabit 480 a daƙiƙa a takarda, a aikace wajen megabayit 35 zuwa 40, kuma wutar da ƙa'ida ta ba shi miliamfiya 500 ce. Shuɗin harshe USB 3.0 ne, gigabit 5, miliamfiya 900. Ƙananan faifan nan marasa wayar wuta daga kafar suke sha, in ba ta ishe su ba za ka ji suna ƙas-ƙas suna ɓacewa suna dawowa a tsakiyar kwafi. Gigabayit 500 ta baƙar kafa kusan awa huɗu ne, ta shuɗiya bai fi awa ɗaya da rabi ba. Ka yi amfani da gajeriyar wayar da ta zo da shi, ban da ƙarin tsawo, ban da mai rassa.

Abin da na fi so ka riƙe: faifan da yake manne da saba dare da rana ba ajiya ba ce cikakkiya. Tsawa ko mugun shirin da ke kulle fayiloli in ya sami sabar zai same shi. Ka sami biyu, kana musanya su, ɗaya kullum yana cire a wani wuri.

Firinta in tana da kafar netwok, sa ta a suwic kawai. Babu dalilin ja mata waya zuwa saba, wayar USB 2.0 ma mita 5 ce iyakarta, kuma ba ka son mutane suna zarya kusa da na'urar don ɗaukar takarda.

A wuri ɗaya na ɗan saɓa da 'Yar Linux. Allon nesa ni'ima ne, amma ka ga da kanka sai da monita da kibod ka iya sauya kalmar sirrinsa. Ranar da suwic ya mutu ko aka ɓata adireshi, wannan tsohon monitan ne zai fitar da kai. Kada ka mayar da shi ɗakin ajiya.

'Yar Linux:

Ban ƙi ba ko kaɗan, ni ma akwai ɗaya a ƙarƙashin rak ɗinmu da ba na bari a ara. Ƙari ɗaya a kan faifan waje: kada ka rubuta sunansa kamar sdb a cikin fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux faifan da zai haɗa lokacin tashi, domin sunayen suna sauyawa gwargwadon wanda aka fara gani. Yi amfani da UUID, lambar shaidar faifan da ba ta sauyawa, ka ƙara kalmar nofail don kada ta tsaya in ba ya nan. In ba haka ba, ranar da ka cire faifan ka sake kunna sabar, za ta tsaya a hanya tana jiran sa, ta faɗa yanayin gaggawa, netwok bai tashi ba. Sannan ka duba jerin tashi a BIOS, kada USB ya kasance a sama da faifan ciki. Duk abin da ka soka, umarnin lsusb da dmesg a Linux za su gaya maka ko ta gan shi.

Tsohon Injiniya:

Dabarar fensirin nan ta burge ni, ɗana, haka muke yi tun zamanin kibod mai kan shunayya da linzami mai kan kore, waɗanda in ka cire su na'ura tana kunne sai ka sake tada ta kafin ta gan su. Amma ka nemi wata wayar VGA ka ajiye. Tsinken da ya taɓa lanƙwashewa ya yi rauni, karo na biyu karyewa yake yi, wani lokaci ya maƙale cikin ramin sabar. Kuma kusoshin nan da yatsa ake ɗaure su, su taɓa kawai. Ɗaya gidan wutar ma ka ba shi wayarsa.

Sabon Hannu:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya a daren nan.

Wayar tara-taran na naɗe ta na rubuta a jikin tef cewa ba ta UPS ba ce, na mayar kwali. UPS ɗin yana da USB a baya, da ita na haɗa, lsusb ya nuna shi. Na girka Debian, wani nau'in Linux, ta allon nesa daga teburina, lasisin ashe yana kai tun da. Katin sama na kashe na'urar na zare wayoyin wuta biyun na cire shi gaba ɗaya, tunda babu abin da zai yi mana, na rufe gurbinsa da ƙarfen da na samu a cikin kwalin. Abin mamaki, ƙarar fankokin ta ragu sosai bayan na cire shi. Kafofin gaba na bar su a kashe, don ɗakin ba ya da makulli sai wata mai zuwa.

Yanzu USB biyun baya duk sun cika, ɗaya UPS, ɗaya faifan ajiya, kibod ba shi da wurin zama. Na rataye shi a kan tsohon monitan da wayarsa a naɗe, in buƙata ta taso in cire faifan in soka shi. Kwafin farko yana tafiya yanzu, gigabayit 212, ya nuna saura minti 31. Gobe in Allah ya kai mu zan zare wayar UPS daga bango da rana, kowa yana sane, in ga ko sabar za ta kashe kanta yadda na saita.